Yadda Muka Bi Sawun Kuɗin Injin Baba

Baba ya rasu ya bar mata biyu, 'ya'ya tara, gida ɗaya a Pantami, da injin casar shinkafa a bakin garin Gombe, kan hanyar Dadin Kowa. Ni ne babba, kuma aikina koyarwa a makarantar sakandare. Sunana yana cikin takardun kamfanin tun farko, domin lokacin da Baba ya yi rajista doka ba ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani shi kaɗai ba, sai an kai biyu. Sai a sabuwar dokar kamfanoni ta 2020 aka sassauta wannan. Shi ya sa ya riƙe kashi 90 na hannun jari, ya rubuta mini 10 don cika sharaɗi. Kowa a gidanmu ya san goman nan ta gado ce, ba tawa ba. Amma ita ta jawo duk takardar da za a sa wa hannu ni ake nema, kuma da aka je kotu neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci, sunana da na ƙanwata mai bi mini aka sa.

Mun yi shekara guda muna fama da injin. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon shanshera ya tashi, wuta ba ta tsayawa, janareta kuma gas yake sha kamar rairayi. Ma'aikata bakwai suna jiran albashi, ga ragowar bashin banki da Baba ya ci ya sayi injin tsince tsakuwa. Malamin da ya yi mana lissafin gado ya faɗa mana gaskiya: gida ana iya zama a cikinsa tare, amma inji ba ya rabuwa gida tara. Ko a sami mai riƙe shi da gaske, ko a sayar a ba kowa haƙƙinsa. Uku daga cikin ƙannena ba su gama firamare ba. Muka yanke a sayar.

Ba mu yi shawarar wane lauya za mu ɗauka ba, domin muna da shi tun da. Shi ya yi wa Baba rajistar kamfanin, shi ya bi masa takardar mallakar filin, ya zo zaman makoki kwana uku a jere. Barista muke ce masa, shi kuma ya ce mini ƙanena. Da na kai masa maganar, bai yi mako biyu ba ya ce ya samo mai saye, wani Alhaji mai harkar hatsi a Tudun Hatsi. Aka yi ciniki a kan naira miliyan 85: miliyan 50 ranar sa hannu, ragowar 35 bayan wata uku.

Akwai shawara guda da ya ba mu wadda har yau nake ganin daidai ce, kuma ba zan ɓoye ta ba don abin da ya biyo baya. Ya ce kada mu sayar da fili daban, injina daban. Tunda takardar filin da sunan kamfani take, mu sayar da hannun jarin kamfanin gaba ɗaya. A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, duk wanda zai mayar da fili mai takardar gwamna zuwa hannun wani sai ya nemi amincewar gwamna, abin da kan ci watanni da kuɗi. Amma idan kamfanin ne ya canja masu shi, filin yana nan da sunan kamfani, bai motsa ba. Na fita daga ofishinsa ran nan ina gode wa Allah da Ya bar mana mutum irin wannan.

Ranar sa hannu ana saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumin 2024. Na je da ƙanwata da Baffa, ƙanin Baba. Alhaji bai zo ba, aka ce ya riga ya sa nasa hannun. Magatakardan ofis ya kawo takardu masu kauri, yana buɗe mana shafin ƙarshe na kowace, yana nuna wurin da yatsa. Biyu daga ciki fom ne na mayar da hannun jari, wurin sunan mai karɓa babu komai. Na ga wannan da idona. Na ɗaga kai zan yi magana, sai Barista ya ce, "Ƙanena, sa hannu kawai, yara za su cike, kada ku rasa sallar Azahar." Na sa. Da muka tashi ƙanwata ta ce, "Barista, namu kwafin fa?" Ya ce sai an kai an buga hatimin haraji, zai aiko mana.

Na daɗe ina komawa kan wannan minti ɗin. Ba rashin sani ya hana ni magana ba, ina karanta Turanci, ina koyar da shi ma. Kunya ce. A ce mutumin da ya kama makarar mahaifinka, ka ce masa tsaya in karanta, sai na ji kamar na ce masa ban yarda da kai ba a gaban Baffa.

Bayan kwana huɗu kuɗi suka shigo asusun da muka buɗe na gado. Miliyan 38, ba 50 ba. Na kira shi. Ya ce an cire bashin banki, da bashin albashin ma'aikata, da haraji, da kuɗin aikinsa, lissafin yana nan zai ba ni a rubuce. Akwai wani abu kuma da na lura da shi a saƙon banki, ban ba shi muhimmanci ba a lokacin: sunan da ya turo kuɗin sunansa ne na kansa, ba sunan ofishinsa ba.

Muka raba abin da ya samu a gaban malam. Dada mahaifiyata da Umma kishiyarta suka raba tumuni a tsakaninsu, maza kashi bibbiyu, mata ɗaiɗai, rabon ƙananan aka ajiye. Aka yi Ƙaramar Sallah cikin rufin asiri. Alhaji ya karɓi makullai, ya sake fentin ƙofa, inji ya ci gaba da ruri.

Wata uku suka cika, shiru. Na je ofis, aka ce yana kotu. Na koma, aka ce ya tafi Abuja. Da na same shi ya ce Alhaji kuɗinsa sun maƙale a kaya, mu ƙara haƙuri, manyan 'yan kasuwa haka suke. Babbar Sallah ta zo ta wuce. Damina ta sauka sosai. Kowane mako biyu ina hawa matakalar ofishin nan, ina sauka da "in sha Allahu mako mai zuwa".

A nan ne abin ya fara cin gidanmu. Umma, kishiyar mahaifiyata, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba tun ina yaro. Wata rana na shiga gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta ce, "Babban yaya, yaran nan fa marayu ne." Ba ta ƙara komai ba. Daga baya na ji ɗanta na biyu yana faɗa a majalisa cewa ni da lauya mun haɗa baki, ai ga shi na canja tayoyin mota. Ban yi fushi da shi ba. In da ni ne a matsayinsa, abin da zan zata ke nan. Ni na sa hannu, ni nake zuwa ofis, ni nake dawowa da labari babu takarda ko ɗaya. Dare da yawa na kwana ina juyi, ina tuna ayar da ta yi magana a kan masu cin dukiyar marayu, ina tambayar kaina ko sakaci ma ba wani nau'in ci ba ne.

A watan Agusta na haɗu da Alhaji a wurin wata ta'aziyya a Jekadafari. Ban taɓa zama da shi ba sai ran nan. Bayan an shafa fatiha na matsa kusa da shi, na gaishe shi, na ce cikin ladabi, "Alhaji, Allah Ya sa kaya su fita lafiya, iyali suna ta sauraro." Ya dube ni bai gane ba. Na yi masa bayani. Ya ajiye carbinsa ya ce, "Malam, wane saura? Ai na gama biya tun kafin Babbar Sallah. Na tura wa Barista miliyan 35 cif, har na biya shi kuɗin aikinsa." Na ce kuɗin aikinsa kuma? Ya ce, "To ba lauyana ba ne? Shekara shida yana yi mini aiki."

Ban san yadda na kai gida ba. Na tarar da ƙanwata, na faɗa mata. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ba ta da saurin ruɗewa. Ta ɗauko wayarta ta ce, "Hamma, bari mu duba wani abu." Hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, tana da rajista a intanet da kowa zai iya dubawa kyauta, inda ake ganin sunayen masu riƙe da kashi 5 ko fiye na hannun jarin kamfani. Ta rubuta sunan kamfanin Baba. Sunaye biyu suka fito. Na Alhaji da kashi 90. Na biyun, mai kashi 10, sunan mahaifinsa ɗaya da na Barista. Mun san shi. Ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Washegari na so in tafi ofishinsa kai tsaye, ƙanwata ta hana ni. Ta ce idan na je da zafi zai ba ni magana mai sanyi in dawo, kamar kullum. Mu nemi wani lauya tukuna. Na ce a Gombe? Garin nan lauyoyi duk sun san juna, suna haɗuwa a kotu da safe, a wurin biki da yamma. Ba ina zargin kowa ba, amma ban so in sa wani cikin nauyin abokin aikinsa, ban kuma so magana ta riga ni isa. Wata abokiyar karatunta ta haɗa mu da wata lauya a Bauchi. Ranar Asabar muka shiga mota, muka bi ta Alkaleri, tafiyar kusan kilomita 150.

Matar nan ta saurare mu fiye da awa guda ba ta katse mu ba. Da na gama ta ce, "Malam, me kake da shi a hannu?" Na ce saƙon banki na miliyan 38. Ta ce sai me? Na ce shi ke nan. Ta ce to ba mu da ƙara tukuna, muna da zato, kuma zato ba ya tsayawa a gaban kowane kwamiti. Ta kuma gargaɗe ni kada in kira shi ɓarawo a gaban kowa, ko a majalisa ko a Facebook, domin yana iya juyowa ya kai ni ƙarar ɓata suna, kuma mai yiwuwa akwai bayanin da ban ji ba.

Sannan ta buɗe mana ƙa'idojin aikin lauya, waɗanda aka sabunta a 2023 suka fara aiki a farkon 2024, ta karanta mana biyu tana fassarawa. Ta 17 ta wajabta wa lauya, tun lokacin da ake ɗaukarsa aiki, ya bayyana wa mai ɗaukarsa duk wata alaƙa da ke tsakaninsa da ɗaya ɓangaren, da duk wata maslaha da yake da ita a cikin lamarin. Ta 23 ta ce idan lauya ya karɓi kuɗi a madadin wanda yake wa aiki, dole ya sanar da shi ba da jinkiri ba, ya ba da lissafi, kuma kada ya gauraya kuɗin da nasa ko ya yi amfani da su kamar nasa. Ta ce shi ya sa ake son kowane lauya ya kasance da asusu na daban na kuɗin mutane, kuma shi ya sa sunan da na gani a saƙon banki ba ƙaramin abu ba ne. Game da kuɗin aiki, ta ce ina da haƙƙin a ba ni takardar caji mai bayani dalla-dalla, idan na ga ya yi yawa kotu tana iya tantance shi.

Ta zana mana hanyoyi uku a kan takarda, ta ce kada mu rikita su. Idan kuɗi muke so su dawo, babbar kotun jiha ce wurin ƙarar neman haƙƙi. Idan muna ganin an aikata laifi na cin amana, wannan na 'yan sanda ne ko EFCC, wadda ke da ofishin shiyya a nan Gombe. Idan kuma ɗabi'arsa ta aiki muke ƙorafi a kai, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, da ke zama a Abuja. Shi yana iya yi wa lauya gargaɗi, ko ya dakatar da shi na wani lokaci, ko ya sa a soke sunansa daga rajistar lauyoyi ta Kotun Ƙoli, yana kuma iya haɗawa da umarnin ya mayar da kuɗi ko takardu. Ta ce amma kafin kowace daga ciki, a rubuta masa wasiƙa.

Wasiƙar shafi ɗaya ce, babu zagi babu zargi. Abu huɗu ta nema cikin kwana 14: kwafin yarjejeniyar sayarwa mai sa hannun kowa, lissafin duk kuɗin da ya karɓa da ranakun karɓa, rasit na duk abin da ya cire, da bayanin yadda kashi 10 ya koma sunan da ya koma. Ni da ƙanwata muka sa hannu a matsayin masu kula da dukiyar mamaci. Ta ce in kai da kaina, in tafi da kwafi biyu, in tabbata an buga hatimin ofis da kwanan wata a kan nawa. Magatakardan ya karɓa, ya karanta, ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito ya ce oga ya ce in bari zai kira ni. Na ce zan jira hatimi. Na zauna a benci kusan awa biyu kafin ya buga.

Kafin kwanakin su cika muka tattara sauran. Lauyar Bauchi ta ciro mana cikakken rahoton matsayin kamfanin daga CAC, wanda ya nuna an sauya sunayen masu hannun jari da daraktoci tun makonni kaɗan bayan sa hannu, wato tun kafin a biya ragowar kuɗin. Ta ce lauyan da ke tsaron mai sayarwa ba ya sakin wannan sai kuɗi sun cika, ko kuma ya riƙe wani abin jingina. Na karɓo bayanan asusun gado daga banki. Mafi wuya shi ne komawa wurin Alhaji. Na same shi a rumfarsa, ana auna masara. Da farko ya ce shi ba ya son shiga rigima. Na ce, "Alhaji, ba rigima na kawo maka ba. Ƙannena suna ganin ni na ci kuɗinsu. Takardar da za ta wanke ni tana cikin wayarka." Ya yi shiru, sannan ya kira yaronsa ya ce a buga mini shaidar turawar duka biyu. Da na tambaye shi batun kashi 10, ya ce Barista ne ya ce masa magada sun amince a bar wa wanda ya haɗa cinikin wannan kason a matsayin la'ada, shi kuwa bai ga abin tambaya ba tunda farashinsa bai ƙaru ba.

Daren ranar na shiga ɗakin Umma da takardun biyu, na kira ɗanta ya karanta mata da bakinsa. Da ya kai kan kwanan watan da aka tura miliyan 35, muryarsa ta canja. Umma ta ce, "Allah Ya isa tsakaninmu da zato." Ta yi kuka, ni ma na yi.

Barista bai amsa wasiƙar ba a rubuce. Wurin Baffa ya je. Wannan ne matakin da ban shirya masa ba, kuma ya fi zaman benci nauyi. Baffa ya kira ni gidansa bayan Isha, ya ce Barista ya zo masa har da hawaye, ya ce yaran da ya ɗauka kamar ƙannensa sun kai shi Bauchi. Ya ce, "Ɗana, mutumin nan yana da iyali. Idan aka ƙwace masa lasisi, me ka samu? Mahaifinka bai taɓa kai kowa ƙara ba. A rufa wa juna asiri, a zauna a yi sulhu." Na ce, "Baffa, na yarda da sulhu, sulhu alheri ne. Amma kuɗin ba nawa ba ne da zan yafe, kuma ba zan zauna ba sai da takardu a kan tabarma." Ban taɓa mayar wa Baffa magana ba sai ran nan. Ya daɗe yana kallona, ya ce to a zo da takardun.

Aka zauna a zauren Baffa, da limamin unguwa, da lauyar Bauchi wadda ta zo takanas. A nan na fara ganin yarjejeniyar da na sa wa hannu wata bakwai da suka wuce. Kuma a nan na gane ba duk zatona ne daidai ba. A shafi na shida akwai sharaɗi cewa za a riƙe miliyan 10 daga biyan ƙarshe har wata shida, ko da wani bashin kamfani da ba a sani ba zai ɓullo. Lauyarmu ta ce wannan sharaɗi ne da aka saba sa wa, domin wanda ya sayi hannun jari ya sayi kamfani da basussukansa. Saboda haka goma daga cikin 35 ɗin yana da hujjar riƙe su, ko da yake ya kamata ya faɗa mana. A cikin miliyan 12 na farko kuma ya kawo shaidar biyan banki miliyan 4.3, da takardar da ma'aikata suka sa wa hannu ta miliyan 1.2. Waɗannan gaskiya ne, na bincika daga baya. Ya ce miliyan 4 kuɗin aikinsa ne, wai mun yi magana da baki. Ban tuna an yi ba, babu kuma takarda. Ragowar miliyan 2.5 ya ce "hidimomi", babu rasit ko ɗaya.

Sai aka zo kan miliyan 25. Lauyarmu ta tambaye shi a hankali, "Ranka ya daɗe, suna wane asusu yanzu?" Ya ce suna nan. Ta ce a nuna wa Liman a waya. Ya ce ba a hannu ɗaya suke ba. Zauren ya yi tsit, ana jin ruwa yana zuba daga indararo. Game da ƙaninsa, ya ce kuskuren yaran ofis ne wajen cike fom, za a gyara. Game da zamansa lauyan Alhaji, ya ce ai ya ɗauka mun sani, garin nan wa bai sani ba.

Aka rubuta yarjejeniya a wurin, Liman da Baffa suka sa hannu a matsayin shaidu. Zai biya miliyan 25 cikin wata biyu, da miliyan 2.5 da ba su da rasit, goman da aka riƙe kuma ranar da wa'adinta ya cika. Kuɗin aikinsa aka daidaita a kan rabin abin da ya ɗauka. Kashi 10 zai koma wurin Alhaji, tunda shi ya biya kuɗin kamfani gaba ɗaya. Lauyarmu ta ƙi yarda a sa layin da ya nema, na cewa mun janye duk wani ƙorafi har abada. Ta ce kuɗin marayu ba a sayen shiru da su.

Ya biya, amma ba cikin wata biyu ba. Sau uku kuɗin suka shigo, daga asusu uku daban-daban, ɗaya ma da sunan wani kamfanin gine-gine da ban taɓa ji ba. Na ƙarshe ya shigo ana sanyin hunturu. Miliyan 25 da suka kwana wata shida a wani wuri ba su dawo da ƙarfinsu ba, duk wanda ya yi cefane a 2024 ya san yadda farashi ya riƙa gudu. Filin da muka yi niyyar saya wa ƙananan a Tumfure ya riga ya fi ƙarfin rabonsu.

Daga nan gida ya rabu biyu a kan ko a kai ƙorafi ko a bari. Baffa ya ce an biya, magana ta ƙare. Dada ta ce ita ba ta son a ce ɗanta ya raba wani da abincinsa. Na fahimce su, kuma na yi makonni ina istihara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bencin nan na ofishinsa. Ranar da nake jiran hatimi, akwai wata tsohuwa a gefena da jikanta, riƙe da takardun gida a cikin leda baƙa, tana jiran a kira ta. Ba ta da ƙanwa mai duba rajista a waya, ba ta da kuɗin motar Bauchi. Ni ba alƙali ba ne, ban ce a kore shi daga aiki ba, ban ma san abin da ke zuciyarsa ba lokacin da ya yi abin da ya yi. Amma akwai waɗanda doka ta ɗora wa duba irin wannan, kuma ba za su duba abin da ba a kai musu ba. Umma ce ta raba gardamar. Ta ce, "A kai. In yana da gaskiya, su ma za su gani."

Shirya ƙorafin ya ci mana mako uku. Ƙa'idojin kwamitin na 2020 sun nemi a rubuta buƙata, a haɗa da bayanin abin da ake zargi, da takardar rantsuwa, da duk takardun shaida. Ana iya miƙawa ta hannun shugaban ƙungiyar lauyoyi ta NBA na ƙasa ko na reshe, ko babban jojin jiha, ko kwamishinan shari'a, da wasu da aka lissafa. Lauyarmu ta sa na rubuta labarin da kaina tukuna, rana bi rana, sannan ta tsara shi sakin layi mai lamba. Duk inda na rubuta "ya yaudare mu" sai ta soke, ta ce in faɗi abin da ya faru kawai: ran kaza ya ce kaza, ga takarda. Ta kuma nace mu sa abubuwan da suka wanke shi, sharaɗin miliyan 10, da biyan banki, da cewa ya mayar da kuɗin. Ta ce rantsuwa za ka yi, rabin gaskiya ba ya cikin rantsuwa. Na je rajistarar babbar kotu na rantse a gaban jami'in rantsarwa, aka buga hatimi a kan kowace shaida, guda goma sha ɗaya. Lambar rajistarsa ta Kotun Ƙoli muka kwafo daga ɗan hatimin NBA da ke manne a ƙarshen yarjejeniyar.

An karɓa, an ba mu shaidar karɓa. Lauyarmu ta ce za a fara duba ko akwai abin da ya kamata ya amsa, idan akwai a aika masa ya kare kansa a rubuce, sannan a sa ranar zama, kuma in shirya zuwa Abuja in an kira ni. Muna nan muna jira. Baffa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska, yanzu ya sauko. Barista kuwa mun haɗu sau ɗaya a masallacin Juma'a, na miƙa masa hannu, ya karɓa, ba wanda ya ce komai.

Rabon ƙananan uku yana banki, kowa da asusunsa, Umma ce mai sa hannu tare da ni. Na sayi babban fayil mai zobe na zuba komai a ciki, tun daga takardar kotu ta farko har shaidar karɓar ƙorafi, na yi kwafi biyu, ɗaya a ɗakin Dada, ɗaya a ɗakin Umma. Jiya autanmu, wanda ya shiga aji shida bana, ya ɗauko na ɗakinsu ya zauna a tsakar gida yana buɗawa. Ya kai kan shafin lissafi ya ce, "Hamma, wannan layin nawa ne?" Na zauna kusa da shi, na nuna masa sunansa, muka fara karantawa daga sama.